Me ya sa duk lambobin wayar suka koma 2147483647, kuma wace irin lamba ce ita?

Tambaya: Malam, ina haɗa wa wata makaranta rumbun bayanan ɗalibai a kwamfuta. Na shigar da lambobin wayar iyaye sama da ɗari uku, da na buɗe in duba sai na tarar dukkansu sun koma 2147483647. Wani abokina ya ce wannan lamba ce ta musamman a ilimin lissafi, wai babu abin da ke raba ta. Gaskiya ne? A wane rukunin lambobi take, kuma ta yaya aka tabbatar?

Amsa: Ƙanena, abokinka ya faɗi gaskiya. Amma bari mu fara kashe wutar da ke ci, sannan mu zauna mu yi maganar lissafi a natse.

Gurbin da ka ware wa lambar waya ka ba shi nau'in da ake kira INT, wato gurbin lambar ƙirga mai ɗaki 32, kowane ɗaki yana ɗaukar 0 ko 1. Ɗaki ɗaya an keɓe shi don nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa da shi, saura 31. Idan ka cika ɗakunan nan 31 kaf da ɗaya-ɗaya, abin da za ka samu shi ne 2,147,483,647: biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Nan ne rufin ɗakin. Lambar wayar Najeriya kuwa, da zarar kwamfuta ta ɗauke ta a matsayin lambar ƙirga, sai ta yar da sifilin farko, abin da ya rage ya zama biliyan bakwai ko takwas ko tara da 'yan kai. Duk sun haura rufin. Wasu rumbunan, idan ba a tsaurara musu ba, ba sa ƙin karɓa. Sai su danne lambar zuwa iyakar abin da za su iya ɗauka su yi shiru. Shi ya sa mutum ɗari uku suka tashi da lamba ɗaya. Abin da ba na son ɓoye maka shi ne, waɗancan lambobin sun tafi, babu dabarar da za ta ciro su daga cikin rumbun. Sai ka koma kan takardun da iyaye suka cika. Kafin ka sake shigarwa, mayar da gurbin na rubutu, irin VARCHAR. Lambar waya suna ce, ba adadi ba ce. Ba wanda zai tara lambar wayarka da tawa ya nemi jimla. Haka NIN da BVN masu alƙaluma 11, haka lambar asusun banki mai alƙaluma 10. Na 'yan Nijar mai alƙaluma takwas yana shiga lafiya, amma ana maƙala masa 227 a gaba ya faɗa rami ɗaya.

To, yanzu ga ita kanta lambar.

Ina fara wa ɗalibaina wannan darasi da mai kasa tumatir a bakin kasuwa. Ba shi guda 12, zai iya kasa su biyu-biyu, ko uku-uku, ko huɗu-huɗu, ko shida-shida, ba ragowa. Ba shi 13, duk yadda ya juya sai wani ya yi saura, in ban da ya kasa su ɗai-ɗai ko ya tara su kashi guda. Irin 13 ɗin nan ita ce ake kira firam a makaranta, Larabawa su ce adadi awwali. Ni a aji nakan ce mata gagara-rabo, kuma da shi zan ci gaba a nan. Da'awar abokinka ita ce, ko da za a jibge tumatir 2,147,483,647, babu yadda za a kasa su daidai wa daida. Haka ne kuwa. Ita ce gagara-rabo ta 105,097,565 idan ka fara ƙirga daga 2, 3, 5, 7.

Gwaje-gwajen farko ba sa buƙatar na'ura. Ta ƙare da 7, don haka wutiri ce, 2 ba ta raba ta, 5 ma haka. Tara alƙalumanta, 2+1+4+7+4+8+3+6+4+7, za ka samu 46. 46 ba ta rabuwa da 3, saboda haka ita ma ba ta rabuwa da 3 ko 9. Idan ka ci gaba da 7 da 11 za ka ga wani abu da ya kamata ya tsayar da kai: kullum ragowar 1 ce. A raba da 2, saura 1. Da 3, saura 1. Da 7, da 9, da 11, da 31, duk saura 1. Dalili shi ne maƙwabciyarta ta ƙasa, 2,147,483,646, ita ce mai yawan 'ya'ya: 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Duk abin da ya raba waccan, dole ya bar ragowar 1 a kan tamu. Maƙwabciyarta ta sama kuma, 2,147,483,648, biyu ce zalla: 2 sau 2 sau 2 har guda 31, wanda muke rubutawa 2^31. Ke nan sunan lambarmu na gaskiya shi ne 2^31 − 1, kuma duk wani abin kirki da za a faɗa a kanta daga wannan sunan yake fitowa.

A nan nake so ka riƙe wani abu da nake yawan nanatawa. Idan ka nemi bayanin wata babbar lamba, za a zubo maka laƙabobi rututu: jimlar alƙalumanta kaza, in an juya ta baya ta zama kaza, alƙalami kaza ya fito sau kaza. Yawancin waɗannan riga ce, ba jiki ba. Sun dogara ne kan cewa muna ƙirga da goma-goma saboda yatsunmu goma ne. Rubuta lambar nan da tsarin biyu-biyu na kwamfuta, sai ta zama ɗaya guda 31 a jere. Rubuta ta da tsarin sha shida-sha shida da masu haɗa manhaja ke amfani da shi, sai ta zama 7FFFFFFF. Waccan 46 ta ɓace, 7 ɗin ƙarshe ta ɓace. Amma kasancewarta wutiri, da gagara-rabo, da ragowar da take bari in an raba ta da 8, waɗannan ba sa canzawa ko da wane irin rubutu ka rubuta ta. Su ne nake kira rukuninta na haƙiƙa, kuma su kaɗai zan ɓata lokacinka a kansu.

Rukuni na farko shi ne dangin Mersenne, wato lambobin da suke biyu-sau-biyu-a-cire-ɗaya. Marin Mersenne malamin coci ne Bafaranshe, wanda a 1644 ya fitar da jerin waɗanda yake ganin gagara-rabo ne. Waɗanda suka tabbata a farkon jerin su ne 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071, 524,287, sai tamu ta takwas. Lura da tazarar da ke tsakanin ta bakwai da ta takwas: daga rabin miliyan an yi tsalle zuwa biliyan biyu. Me ya faru da waɗanda ke tsakani?

Da farko, in yawan biyun da aka ninka shi kansa yana rabuwa, to magana ta ƙare. Dubi 111111 a rubutunmu na yau da kullum: ɗaya guda shida ne, za ka iya yanka su biyu-biyu, 11 11 11, don haka 11 tana raba ta, za ka iya yanka su uku-uku, 111 111, don haka 111 ma tana raba ta. Haka abin yake a tsarin biyu-biyu. Ɗaya guda shida a can ita ce 63, kuma 3 da 7 duk suna raba ta. Saboda haka sai yawan ɗayoyin ya zama gagara-rabo kafin a fara sa rai. Talatin da ɗaya ta cika wannan sharaɗi. Sai dai cika sharaɗin ba ya wadatarwa, kuma a nan manyan masana suka yi ta tuntuɓe. Sha ɗaya gagara-rabo ce, amma 2^11 − 1, wato 2,047, ita ce 23 × 89. Ta 23, wato 8,388,607, ita ce 47 × 178,481. Ta 29, wato 536,870,911, ita ce 233 × 1,103 × 2,089. Kama da wane ba wane ba ne. Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar da ta 17 da ta 19 a 1588, sannan ya ɗora da cewa ta 23, da 29, da 31, da 37 duk haka suke. A cikin huɗun nan ɗaya kawai ya dace, ita ce ta 31, kuma bai kawo hujja ba. Shi kansa Mersenne ya sa 67 da 257 a jerinsa alhali suna rabuwa, ya tsallake 61 da 89 da 107 alhali ba sa rabuwa. Don haka har aka shiga ƙarni na 18, cewa 2,147,483,647 gagara-rabo ce zato ne kawai, a bakin mutanen da zatonsu ya sha faɗuwa.

Wanda ya yanke maganar shi ne Leonhard Euler, ɗan Basel ta ƙasar Suwizalan, yana zaune a San Fitasbag ta Rasha. A 1772 ya rubuta wa Daniel Bernoulli wasiƙa yana sanar da shi cewa ya tabbatar. A lokacin idanunsa sun kusa tafiya gaba ɗaya. Yadda ya yi shi ne wurin da na fi so a duk labarin, don haka bari in ɗan daɗe a kai.

Hanyar kai-tsaye ita ce ka yi ta rabawa da kowace lamba ka ga ko za ta shiga. Ba sai ka kai biliyan biyu ba. In lamba tana rabuwa gida biyu, dole ɗayan gidan ya zama ƙarami ko daidai da tushen murabba'inta, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ita. A nan 46,340 × 46,340 ya ba da 2,147,395,600, wanda bai kai ba, 46,341 × 46,341 kuma ya ba da 2,147,488,281, wanda ya wuce. Ke nan in har akwai mai raba ta, akwai wanda bai wuce 46,340 ba. Gagara-rabon da ke ƙasa da wannan iyaka sun kusa dubu huɗu da ɗari takwas. Dogon rabawa dubu huɗu da ɗari takwas, kowanne da alƙaluma goma, da hannu, ba tare da kuskure ko ɗaya ba: aiki ne mai yiwuwa, amma mai cin rai.

Pierre de Fermat, masanin lissafi Bafaranshe, ya riga ya bar mabuɗi tun 1640. Ɗauki 23, wadda muka ga tana raba 2,047. Fara da 1 ka yi ta ninkawa biyu, duk lokacin da ka haura 23 ka cire 23: 2, 4, 8, 16, sai 32 ta koma 9, sai 18, sai 36 ta koma 13, sai 26 ta koma 3, sai 6, 12, sai 24 ta koma 1. Ƙirga takun: sha ɗaya cif ka dawo gida. Wannan dawowar ita ce ma'anar cewa 23 tana raba 2^11 − 1. Abin da Fermat ya gano shi ne, ga kowace gagara-rabo wutiri, tsawon wannan zagaye dole ya raba lambar da ke ƙasa da ita da ɗaya. Ga 23, ƙasa da ita 22 ce, kuma 11 tana raba 22. Ga 89, 88 ce, ita ma 11 tana raba ta. Yanzu kawo wannan kan lambarmu. Duk gagara-rabon da za ta raba 2^31 − 1, zagayenta taku 31 ne daidai, ba zai gaza ba tunda 31 ba ta da ƙananan gidaje. To dole 31 ta raba lambar da ke ƙasa da ita da ɗaya, kuma tunda waccan shafa'i ce, dole 62 ta raba ta. Wato masu neman shiga sai su zama 63, 125, 187, 249, 311, haka-haka, kowace ta ɗara ta baya da 62. Duk sauran an sallame su tun daga ƙofa.

Euler ya ƙara tankaɗe na biyu. Ya nuna cewa duk mai raba irin wannan lamba, in aka raba shi da 8, ragowarsa 1 ce ko 7. Gwada da waɗanda muka gani: 23 ta bar 7, 89 ta bar 1, 47 ta bar 7, 233 ta bar 1. Haɗa sharuɗɗan biyu sai rabin masu layi su sake faɗuwa: 125 ta bar 5, ta fita, 187 ta bar 3, ta fita. Waɗanda suka tsira sai masu siffar 248 sau wani abu a ƙara 1, ko 248 sau wani abu a ƙara 63. Ƙasa da 46,340 ba su kai ɗari huɗu ba. A cikinsu ma da yawa ba gagara-rabo ba ne, kamar 63 da 249 da 497, in ka zubar da su abin da ya rage bai kai ɗari ba. Ta farko a layin ita ce 311. Ɗauki biro ka gwada da kanka: 311 × 6,905,092 ya ba da 2,147,483,612, saura 35. Ba ta shiga ba. Sai 1,303, sai 1,489, har ƙarshen layi, babu wadda ta shiga. Daga kusan dubu biyar zuwa ƙasa da ɗari, kuma ba da ƙarfin ƙirga aka rage su ba, da fahimtar siffar lambar ne. Duk shekarar da na koyar da wannan, nakan raba wa ɗalibai lambobin layin nan uku-uku ko huɗu-huɗu, su yi rabawar a kan takarda, kowa ya zo allo ya rubuta ragowarsa. Kafin a tashi aji allon ya cika da ragowa, babu sifili ko ɗaya, kuma yara sun tabbatar da hannunsu abin da ya gagari masana kusan shekara ɗari biyu. Na ga waɗanda wannan darasin kaɗai ya sa suka daina tsoron lissafi.

Lambarmu ta riƙe kambun gagara-rabo mafi girma da aka sani shekaru da dama, har cikin tsakiyar ƙarni na 19.

A yau akwai hanya mafi gajarta, wadda Édouard Lucas ya assasa, Derrick Lehmer ya kammala a 1930. Ka fara da 4, ka ninka ta da kanta ka cire 2, ka maimaita, kana ajiye ragowa kawai bayan rabawa da lambar da kake gwadawa. Ga 31, wadda take 2^5 − 1, taku uku ake yi: 4 ta zama 14, 14 ta zama 194 wadda ragowarta 8 ce, 8 ta zama 62 wadda ragowarta sifili ce. Sifili a ƙarshe, gagara-rabo ce. Ga 2,047 taku tara ne, kuma ana ƙarewa a 1,736, ba sifili ba, don haka tana rabuwa. Ga lambarmu taku 29 kacal: 14, 194, 37,634, 1,416,317,954, daga nan a fara rage ta, kuma taku na 29 yana sauka kan sifili. Wayar da ke hannunka za ta gama kafin ka ɗaga yatsa. Da irin wannan dabara Lucas ya tabbatar da 2^127 − 1 mai alƙaluma 39 a 1876, da hannu, kuma da ita ake farautar manyan na yau. Wadda aka samu a watan Oktoban 2024, 2^136,279,841 − 1, alƙalumanta 41,024,320 ne, ita ce ta 52 da aka sani a dangin Mersenne. Ko dangin nan suna da ƙarshe ko ba su da shi, tambaya ce da har yau take buɗe a ilimin lissafi.

Rukuni na biyu ya fi ƙaranci nesa ba kusa ba. Talatin da ɗaya ɗin da ke saman biyun ita kanta 'yar gidan Mersenne ce, tunda 31 ita ce 2^5 − 1. Irin wannan ana ce mata Mersenne mai ninki biyu, kuma huɗu kawai aka sani da suke gagara-rabo: 7, 127, tamu, da waccan ta Lucas mai alƙaluma 39.

Rukuni na uku zai yi wa wanda ya yi karatun Larabci daɗin ji. Tun zamanin Nikomakus, wani tsohon masanin lissafi, ake kasa lambobi uku bisa jimlar masu raba su, ban da ita lambar kanta. Sabit bin Kurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya fassara littafinsa zuwa Larabci, sunayen kuma suka zauna: tammi, za'idi, naƙisi, wato cikakkiya, mai rara, mai giɓi. Shida cikakkiya ce domin 1+2+3 ya ba da 6. Sha biyu mai rara ce domin 1+2+3+4+6 ya ba da 16. Lambarmu mai giɓi ce iyakar giɓi, tunda mai raba ta ɗaya ne tak, wato 1. Amma abin sha'awar shi ne ita ce uwar wata cikakkiya. Iƙlidis, masanin lissafin Girkawa, ya nuna tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa cewa duk gagara-rabo ta wannan siffa, in ka ninka ta da rabin lambar da ke samanta, cikakkiya za ta fito: 3 × 2 ya ba da 6, 7 × 4 ya ba da 28, 31 × 16 ya ba da 496, 127 × 64 ya ba da 8,128. Ibnul Haisam ya yi ƙoƙarin nuna cewa duk cikakkiya shafa'i ta wannan hanyar take fitowa, Isma'il bin Fallus a ƙarni na 13 ya kawo ta biyar da ta shida da ta bakwai a jerinsa, Euler kuma shi ya kammala hujjar da Ibnul Haisam ya nufa. Tamu in aka ninka ta da 1,073,741,824 tana ba da 2,305,843,008,139,952,128, cikakkiya ta takwas. Wani masanin lissafi na Ingila, Peter Barlow, ya rubuta a 1811 cewa da wuya wani ya sake neman wadda ta fi wannan, domin a ganinsa abin sha'awa ne kawai marar amfani. Ba na ganin laifinsa. Babu wanda zai hango kwamfuta daga inda yake tsaye.

Akwai kuma rukunin murabba'ai, wato lambobin da ake samu in an ninka lamba da kanta, wanda mutane ba su cika ambata ba alhali yana da kyau ƙwarai. Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba ana iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'ai huɗu ko ƙasa da haka. Wasu biyu sun ishe su, kamar 13 da take 9+4. Wasu sai uku. Tamu tana cikin masu taurin kai da sai an kawo huɗun cif. Dalilin a fili yake: duk murabba'i in ka raba shi da 8, ragowarsa 0 ce, ko 1, ko 4. Ɗauki uku daga cikin waɗannan ka tara yadda ka ga dama, ba za ka taɓa samun ragowar 7 ba. Lambarmu kuwa 7 take bari, tunda ɗaya ce ta rage mata ta kai 2^31. Ga huɗun da na samo maka: murabba'in 46,339, da na 425, da na 10, da na 1. Wato 2,147,302,921 + 180,625 + 100 + 1. Tara ka gani.

Ba ta da tagwai kuma. Gagara-rabo tagwaye su ne masu tazarar biyu, kamar 11 da 13. A ƙasa da ita da biyu akwai 2,147,483,645, wadda 5 ke rabawa. A sama da biyu akwai 2,147,483,649, wadda take 3 × 715,827,883. Mafi kusa da ita a baya ita ce 2,147,483,629, a gaba kuma 2,147,483,659.

Wani abu da ke rikita mutane, kuma ina jin shi ne a ƙarƙashin tambayarka: shin don ba ta rabuwa ne kwamfuta ta zaɓe ta ta zama iyaka? A'a. Ta zama iyaka ne don ɗakuna 31 ne suka rage. A gurbi mai ɗaki 16 iyakar 32,767 ce, kuma 7 × 31 × 151 ce. A mai ɗaki 64 iyakar 9,223,372,036,854,775,807 ce, ita ma 7 tana raba ta. Dacewa ce kawai ta sa a gurbi mai ɗaki 32 rufin ya faɗo kan gagara-rabo. Sai dai masu haɗa manhaja sun ci moriyar wannan dacewa sosai. Akwai tsohuwar hanyar samar da lambobin da ke kama da na ƙuri'a: ka fara da wata lamba, ka ninka da 16,807, wato 7 × 7 × 7 × 7 × 7, ka ajiye ragowa bayan rabawa da 2,147,483,647, ka maimaita. Daga 1 za ka samu 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073. Saboda mai rabawar gagara-rabo ce, kuma an zaɓi 16,807 da kyau, sai jerin ya ziyarci kowace lamba daga 1 zuwa 2,147,483,646 kafin ya maimaita kansa. Stephen Park da Keith Miller sun ba da shawarar a riƙe ta a matsayin mafi ƙarancin ma'auni a 1988, kuma har yau tana cikin harshen C++. Ta isa ga wasanni da gwaje-gwaje, amma kada ka taɓa amfani da ita wajen ƙirƙirar kalmar sirri, domin wanda ya ga lamba ɗaya ya san duk masu biyowa.

Rufin nan da ka buga kai da shi, manya ma sun buga. Daƙiƙa 2,147,483,647 shekara 68 ce da 'yan kwanaki. Na'urori da yawa suna ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi daga 1 ga Janairun 1970, kuma waɗanda har yanzu suke ajiye shi a ɗaki 32 za su cika ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4:14 da daƙiƙa 7 na asuba agogon Najeriya da Nijar. Daƙiƙa ɗaya bayan nan sai ƙirgar ta kife zuwa ƙasa da sifili, na'urar ta ɗauka tana cikin Disambar 1901. Shi ya sa ake ta mayar da su ɗaki 64. YouTube ma a 2014 ya sanar da faɗaɗa ma'aunin masu kallo a lokacin da wani bidiyo ya kai wannan adadi. Kai kuma da kake aikin makaranta, ga inda zai iya sake cizonka: in ka ajiye kuɗin makaranta da kwabo a gurbin INT, iyakarka naira 21,474,836 da kwabo 47. Jimlar kuɗin zango ɗaya na makaranta matsakaiciya tana iya haura wannan. A nan, tunda kuɗi adadi ne na gaske, gurbin lamba mai faɗi irin BIGINT ko DECIMAL za ka sa, ba rubutu ba.

Saura tambaya ɗaya da ɗalibai masu kaifi sukan yi mini a ƙarshen darasi: tunda 5 ta haifi 31, 31 ta haifi 2,147,483,647, in aka ɗora ita ma a saman biyu fa? Lambar da za ta fito, 2^2,147,483,647 − 1, tana da alƙaluma 646,456,993. In kana rubuta alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa ba dare ba rana, sai ka haura shekara ashirin kafin ka gama. Duk da haka an san ba gagara-rabo ba ce, kuma ba tare da an rubuta ta ba. Mabuɗin Fermat ɗin nan dai aka sake ɗauka: duk mai raba ta dole ya zama ninkin 4,294,967,294 a ƙara 1. Aka bi layin ɗaya bayan ɗaya, a kan na 68,745 aka dace. Ninka 4,294,967,294 da 68,745 ka ƙara 1, za ka samu 295,257,526,626,031, kuma wannan tana raba ta ba ragowa.